Shanu Uku, Suna Ɗaya

Kusan kullum sai wani a cikinku ya shigo shagon nan da kwamfuta a jakar baya, ya ce mini ya gama manhaja, saura ɗan abu kaɗan, wato fitar da bayanai zuwa rubutu, kuma wannan ai layi ɗaya ne. Gaskiyarku, layi ɗaya ne. Ka kira laburare, shiryayyen aikin wani da ka ɗauko ka jona, ya kwashe abin da ke cikin kwamfuta ya mayar da shi rubutu, ka aika, ka tafi wajen mai shayi. Ni kuwa da na ga layin nan sai in ce a dakata, ku kuma kuna dariya kuna cewa tsufa ya fara kama Malam Tanimu. To ku ja benci ku zauna. Kada wanda ya juya fankar nan, ba don ku na kunna ta ba, don kwamfutar ne.

Abin da kuke kira map, ki da balu, ba wani abu ba ne illa makulli da abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa. Kamar mai wanki da guga ne, kowane ƙunshin kaya da sunan mai shi a jiki. Muddin bayanin yana cikin kwamfuta, makullin yana iya zama komai. Yana iya zama lamba, yana iya zama cikakken kwatancen mutum, da sunansa da unguwarsu da shekarunsa, duka a dunƙule. Amma tsarin rubutun nan da kowa ke aika wa kowa yanzu, JSON, bai yarda da haka ba. A wurinsa makulli gajeren rubutu ne guda ɗaya, shi ke nan. Ke nan dole wani ya yanke yadda za a matse babban makulli ya shiga ƙaramin wuri, me za a riƙe, me za a yar. In ba kai ka yanke ba, to wanda ya rubuta laburaren ya riga ya yanke maka, kuma shi bai san mutanenka ba.

A Sabon Gari na koyi aikin nan, wajen Oga Chike, Ibo ne haifaffen Zariya, Hausarsa ta fi ta wasunku. Shagonsa na bayan layin masu sayar da kayan mota. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, amma yana rubuta wa masu kemis da masu kayan mota ƙananan manhajoji don su san abin da ya rage musu a kanta. Na daɗe a wurinsa ban da aiki sai busa ƙura daga cikin injuna da jan igiyar janareta. Da ya ga ban gudu ba sai ya fara zaunar da ni gaban allo, amma ba don in rubuta komai ba. Fayil zai buɗe mini, tsirararsa, ba launi ba ado, ya ce in karanta masa da ƙarfi yana cin gyaɗa.

"Tanimu, buɗe shi ka gani da idonka," haka yake cewa. "Allo ya iya kwalliya, fayil bai iya ba."

Aikin farko da ya bari na taɓa na wani mai sayar da bel ɗin mota ne. Wasu lambobin kayansa da sifili suke farawa. Manhajar ta ɗauki lambar a matsayin lissafi, da ta zo rubutawa sai ta yar da sifilin gaba, tunda a lissafi ba ya ƙara komai. Bel iri biyu suka koma lamba ɗaya. Wani direba ya saya, ya kai wa makanike a Dogarawa, bel ya ƙi shiga, ya dawo da shi rataye a wuya yana surfa bala'i tun daga bakin titi. Muka gyara, kowa ya yi dariya, Oga ya saya mini tsire. A lokacin na ɗauka iyakar ɓarnar da irin wannan kuskure zai yi ke nan.

Daga baya na buɗe nawa shagon a nan Samaru. Kayan aikina ba su canza sosai ba har yau: kwamfutar da batirinta ya mutu, inbata mai ba ni wuta in an ɗauke, manhajar buɗe rubutu tsirara, da wata ƙarama mai jera fayil biyu gefe da gefe ta nuna maka inda suka saɓa. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne irinku, sai 'yan kasuwa, sai malaman da ke tara bayanan bincike. Ana ci ana sha, har shekarar da aka yi dogon yajin aiki makaranta ta watse. Ku ba ku ga Samaru a haka ba. Mai shayi ya koma ƙauyensu, masu buga takardu suka rufe, sai ka wuni a bakin shago ba wanda ya yi maka sallama sai mai neman canji. Na kai ga fara tambayar nawa inbata za ta yi a kasuwa.

A cikin wannan halin Dakta Rahila ta shigo. Likitar dabbobi ce, tana aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai bin rugage a bayan Shika tana gwada jinin shanu. Cutar da suke nema ita ce bakkale, wadda ke sa saniya ɓari, ta bi garke tana zubar da ciki ɗaya bayan ɗaya, mutum kuma yana iya ɗauka ta ɗanyen nono. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Malam Tanimu, ina da kwalba mai cuta, amma ba ta da saniya."

Na ce ta yi mini bayani a hankali. Ta ce in sun je ruga, sai a kama saniya, a ɗebi jini a zuba a ƙaramar kwalba mai lamba a jiki. A waya kuma sai a shigar da sunan mai saniyar, sunan saniyar, launinta, tsarin ƙahonta da kimanin shekarunta, sannan lambar kwalbar. In an samu sabis wayar ta aika ofis. Ɗakin gwaji lambar kwalba kawai suka sani. Yanzu sakamako ya fito, kwalba ɗaya tana da bakkale, an nemi lambarta a kwamfutar ofis babu ita. Waɗanda suka rubuta musu manhajar sun gama kwangila sun tafi, wayarsu ma ba ta shiga.

Na bi ta ofishin. Abu na farko da na tambaya shi ne ko suna ajiye rubutun da wayoyin suka aiko kafin kwamfuta ta karanta shi. Allah ya taimaka suna ajiyewa. Na buɗe shi tsirara na nemi lambar, kan ka ce kwabo ga ta. Na ji daɗi, har na juya zan ce wa Dakta an gama. Sai idona ya sauka kan makullin da ke samanta da wanda ke ƙasanta. Buba, Wule. Buba, Wule. Buba, Wule. Makulli ɗaya sau uku, kowanne da tasa kwalbar.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. A cikin waya, makullin cikakkiyar saniya ce, da launi da ƙaho da shekaru, don haka wayar ta san shanu uku ne daban. Da aka zo mayarwa rubutu, laburaren ya ga makulli ya yi masa girma, sai ya ɗauki sunan mai ita da sunanta ya zubar da sauran. Kwamfutar ofis kuma da ta ga makulli ɗaya sau uku, sai ta riƙe na ƙarshe ta yar da biyun ba tare da ta ce uffan ba. Ba wanda ya yi ƙarya, ba abin da ya lalace. Kowane ɓangare ya yi daidai abin da aka gina shi ya yi.

Na ce, "Dakta, ko dai an shigar da saniya ɗaya sau uku ne?"

Ta dafe kai. Ta ce a'a, ta tuna rugar. A gidan Malam Buba, kamar gidajen Fulani da yawa da take zuwa, 'yar maraƙa sunan uwarta take ɗauka. Akwai Wule tsohuwa, akwai 'yarta Wule, akwai jikarta Wule, karsana. Su ba sa rikicewa, don kowa ya san kowacce da fuskarta. Ba a taɓa tunanin waya za ta rikice ba.

Ke nan ɗaya cikin shanun nan uku tana ɗauke da bakkale, biyu lafiyarsu lau, kuma abin da zai bambanta su shi ne aka zubar a hanya. Na ce a kawo mini wayar da aka yi aikin da ita. Aka kawo. Sai na tarar an tsara ta ne ta goge nata da zarar ofis ya ce ya karɓa, saboda wayoyin ba su da wuri. Na juya ta ta kowace fuska, na leƙa duk inda na san bayani kan maƙale, babu komai.

Saura dabara ɗaya. Na ce wataƙila jerin da suka fito a rubutun shi ne jerin da aka kama su, in an tuna wadda aka fara kamawa an gama. Na ƙirƙiri shanu uku na ƙarya a wayar na aika, na sake, na sake. Kowane karo da irin jerin da suke fitowa. Irin wannan map ɗin ba ya alkawarin jeri, yadda ya ga dama yake zubo su. Na tambayi lambobin kwalaben, ko a jere ake ɗauka. Dakta ta ce a leda ɗaya ake zuba su, wadda hannu ya kai ita ake ɗauka. Na ce to a sake gwada ukun mana. Ta ce sinadarin gwajin ya ƙare, an yi oda bai iso ba, inda ta tambaya aro su ma jira suke yi.

Ban so zuwa rugar ba, ba zan ɓoye muku ba. Aikina da allo ne, ba da fuskar mutane ba. Amma Dakta ta ce ita ba za ta iya bayyana wa dattijo yadda waya ta haɗiye masa shanu ba, sai in zo in faɗa da bakina. Muka wuce Shika muka saki kwalta, muka bi hanyar gonaki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma sun fara share gona. Malam Buba a gonar wani ya yi rani da garkensa don taki, kuma kowa ya san da ruwa ya sauka dole ya tashi.

Dogo ne siriri, mai magana a hankali. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono, Dakta ta yi godiya ta ce mun ƙoshi. Ta gaishe shi ta ce, "Baffa, akwai magana." Ta faɗa masa cutar, sannan ta dube ni. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce masa wayar ta rubuta sunan ta manta fuskar.

Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Malam, ai na san yadda aka yi. Tsohuwar aka fara kamawa, sai karsanar, uwar ce ta ƙarshe don ta ba yara wahala. Wannan ba zai taimaka maka ba?"

Na ce, "Baffa, da zai taimaka da na fi kowa murna. Wayar ba ta riƙe jeri ba."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya tashi ya kai mu inda suke, ya kira sunan sau ɗaya, su ukun suka ɗago kai. Ya ce kakansa ne ya ba babansa Wule ta farko, babansa ya ba shi wannan tsohuwar tana maraƙa. Duk garken, wannan jinin ne ya fi nono, kuma su ukun nan ne kaɗai suka rage a cikinsa. Dakta ta duba gwiwoyinsu da hantsarsu, ta shafa, ta matsa, ba ta ga alamar komai ba. Ta ce cutar takan ɓoye. Ta ce a ware su daga garke, a daina shan nono sai an tafasa, a jira sinadari.

"Likita, har yaushe?"

"Ban sani ba, Baffa. An ce yana hanya."

"Rabin shanun nan ciki gare su. In na tashi, ruwa ɗaya za su sha, wuri ɗaya za su kwana. Ba ni da wanda zan bari a nan da shanu uku, mai gona kuma ba zai jira ni ba."

Muka yi masa sallama muka kama hanyar dawowa.

Abin da na iya shi na koma na yi, kuma ku buɗe kunne a nan, don shi ne sana'ar. Na cire hannun laburaren daga kan makulli na rubuta nawa. Duk inda makulli ya fi gajeren rubutu ɗaya, na hana a matse shi. A maimakon haka kowace saniya ta fito da gidanta daban a cikin jeri, makullinta cikakke a gefe ɗaya, kwalbarta a ɗaya gefen. Rubutun ya yi tsawo, ya yi muni, wani a ofis har ya ce zai ƙara musu cin data. Na ce ya ci. Na sa jerin ya riƙa bin yadda aka shigar. Na sa in makulli biyu za su fito iri ɗaya, wayar ta tsaya cak ta yi ƙara tun ana rugar, saniya tana ɗaure. Na je ɓangaren ofis na hana shi yar da komai a ɓoye. Na kuma hana waya goge nata sai ofis ya karanta ya maido mata abin da ya fahimta, ta gwada da nata ta ga sun yi daidai. Sannan na bi tsofaffin fayilolinsu duka ina neman makulli mai maimaici. Na samu a wasu rugagen, amma duk kwalabensu lafiya suka fito, sai na Malam Buba kaɗai.

Duk wannan aikin ina yin sa ne ido ɗaya a allo ɗaya a sama. Iska ta kaɗa sai in fita bakin shago in duba gabas. Kullum sai na kira Dakta, har ta fara ɗauka da cewa, "Bai iso ba, Malam Tanimu," tun kafin in yi sallama. Ita kuma tana kiran wayar Malam Buba, wani lokaci ta shiga, wani lokaci a'a. Ruwan farko ya sauka ina tsakiyar gwada gyaran. Mutane a titi suna ta hamdala, ni kuwa na tsaya a ƙofa ina tunanin garken Malam Buba.

Ba a daɗe ba bayan ruwa na biyu sinadarin ya iso. Dakta ta biyo ta ɗauke ni da sababbin kwalabe da wayar da na gyara. Muka tarar an nome gonar, ba garke, sai da muka yi tambaya aka nuna mana inda suka yada zango kafin su wuce gaba. Muka samu Malam Buba yana ɗaure kaya a bayan bijimi. Dakta ta fito da sauri tana cewa, "Baffa, an samu, ina suke?"

Ya ƙarasa ɗaurin da yake yi kafin ya juyo.

"Likita, sannunku da hanya. Na jira iya jirana. Ranar kasuwar da ta wuce na kai su."

Ta ce, "Wacce ka kai?"

"Su ukun. Mahauta na ba, na faɗa masu gaskiya. Wani makiyayi ya taya karsanar, na ce a'a. Ba zan zuba ma wani a garkensa abin da nake gudu ba."

Dakta ta zauna a kan murfin kular kwalaben da ta riƙo. Ni na tsaya da waya a hannu, na rasa inda zan sa ta. Malam Buba ne ma ya ce tunda mun zo da kwalabe, a gwada sauran kafin su tashi, don hankalinsa ya kwanta. Aka fara kamawa. Yana faɗin suna da launi da ƙaho, ina shigarwa, wayar tana karɓar kowace saniya da fuskarta, ba ta haɗa kowa da kowa ba. Gyaran ya yi aiki yadda nake so. Muka bi garken kaf, daga tsofaffi har 'yan maruƙa, ban rubuta Wule ko sau ɗaya ba.

Sakamakon ya fito lafiya, garken ya tsira. Biyu cikin ukun da ya kai wa mahauta ba abin da ke damun su, kuma har yau ba wanda ya san waɗanne ne.